Ƙafa Ɗaya Zuwa Ushguli

Mai ƙafa ukun da Zurab ya bari
yana nan bayan ƙofa, ya sha ƙura,
katako da tagulla, kilo huɗu da rabi.
Shekara talatin shi ke saɓa shi a kafaɗa,
ni ina biye da jakar burodi da cuku.
Jiya na gwada ɗaga shi,
kafaɗata ta ce, Lamara, ji tsoron Allah.

Sai na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tibilisi
zuwa wurin Gocha, ɗan tsukukun shago
mai warin man inji da tsohuwar gahawa.
Na ce madogarar kyamara nake so,
mai ƙafa ɗaya, wadda ba za ta ci ƙarfina ba.
Ya jera min sanduna uku a kan tebur
kamar mai tallan rake,
yana ƙirga min gaɓoɓinsu da farce.

Ta farko alminiyam ce, ga araha,
gaɓa uku, kakkaura, mai taurin kai.
Ko an naɗe ta, ta fi jakata tsawo.
Ya ce a can sama, in sanyi ya sauko,
za ta ciji tafin hannu kamar ƙanƙara.

Ta biyu gaɓa shida. In ta shige cikin kanta
ba ta fi ludayi ba.
Na so ta, ban ɓoye ba.
Amma da na miƙe ta na ɗora kyamara,
ƙasanta siriri kamar tsinken tsire
ya kama rawa.
Rawa kuwa ina da tawa a hannu tun bara,
ba sai na saya da kuɗi ba.

Ta ukun baƙa ce, ta zaren kabon,
gaɓa huɗu, a murɗa su kama,
giram ɗari huɗu, ko kwalbar ruwa ta fi ta nauyi.
Na ja ta, ta tsaya daidai idona, ba sunkuyo.
Da roba a ƙafarta, a cire robar ga tsini.
Kuɗinta rabin fanshona na wata.

Na sake ta don in lalubo tabarau,
ta tafi luu, Gocha ya cafe.
Ya ce, Uwa, wannan ba ta tsayuwa ita kaɗai.
Ƙafa ɗaya gare ta, sauran biyun naki ne.

Ban tanka ba.
Na tuna zalɓen bakin kogin Riyoni
da nake jifa ina ƙarama,
yana tsaye a ƙafa ɗaya, ko gezau.
Na ƙirga masa larin, ya ƙara min igiyar hannu.

Kwana biyu a hanya,
ƙaramar bas tana tari a kan duwatsu,
sandar na kwance cikin jaka, kusa da safa,
ba wanda ya san da ita.

Ushguli, kafin rana ta fito.
Hasumiyoyin dutse sun yi cirko-cirko cikin hazo,
Shikara a bayansu, fari fat, bai ce komai ba.
Na cire roba, na kafa tsini a daskararriyar ƙasa,
na ware ƙafafuna, na jingina goshi,
na riƙe numfashi yadda Zurab yake yi.
Mu biyu, ƙafa uku, kamar duwatsun murhu.

Na ɗauki goma sha ɗaya.
Goma sun fito tas, har layin turmi tsakanin duwatsu.
Ɗayan ya ɗan yi dishi-dishi,
don wata saniya ta hura min iska a ƙeya, na yi dariya.
Shi na wanke, na rataye a ɗakin girki.

Da saukowa gwiwata ta yi gardama.
Na cire kyamarar na sa a wuya,
na dogara sandar har bakin gada.
Gocha bai faɗa min wannan ba.