Sannu da Zuwa, Baba

Habila ya kira, sha ɗaya saura:
"Fito, mutumina, Barnawa ta kama wuta."
Ni kuwa na riga na shafe gwiwa da man zafi,
shayina na hucewa a kan tebur.

Na je dai. Kunya ce ta sa mini takalmi.

A ƙofa, yaron da ke duba masu shiga
ya rusuna: "Sannu da zuwa, Baba."
Baba! Ni da na taɓa tsaga filin nan da rawa
har mai kiɗa ya kira sunana sau uku.

Ciki, hayaƙin shisha, fitilu ja da kore,
waƙar da kowa ya haddace ban da ni.
Na hango ƙanwar Ladidi, wadda nake saya wa alewa
tun tana zubar da haƙori;
ta gan ni, ta ɓoye kofinta a baya.

Habila na rawa kamar mai biyan bashi,
gumi na wanke furfurar da ya rina jiya.
Ya yi mini ihu a kunne: "Jiki ne ke tsufa!"
Na ce, ai a cikin jikin nake haya.

Ƙarfe ɗaya na sulale.
Mai tsire na kashe garwashi,
ya ba ni ragowar a farashin tausayi.

A kan gada, keke napep na jijjiga ni,
kogin Kaduna na wucewa cikin duhu, ba kiɗa,
ƙafata kuwa, munafuka,
sai buga ƙarfe take ita kaɗai.