Rabon Ruwa a Isfara

Na dawo daga Osh da takardar shaida,
mako uku ina koyon sulhu a jikin allo:
saurara, maimaita, kada ka ɗau ɓangare.
Na haddace tas, na ɗaure jakata,
ina ji kamar ni zan kashe wutar garuruwa.

Magudana ɗaya ce, ƙauyuka biyu,
Kirgiz a sama, Tajik a gangare.
Ƙanƙarar dutse ta yi rowa bana,
sai wani ya mirgina dutse cikin dare,
gonakin ƙasa suka kwana da ƙishirwa.

Da safe kowa da shebur a kafaɗa,
ba don haƙa ba.
Yara na ɗaga waya suna ɗaukar hoto,
kafin azahar an gani a Bishkek da Dushanbe,
waɗanda ba su san ƙauyen ba sun fi kowa kumfar baki da zugawa.

Na buɗe littafina, na ce, "Mu tsara buƙatu."
Anarbek ya tofar da yawu.
Mirzoali ya dube ni kamar ɗan akuya
da ya faɗo masallaci ana tsakar karantawa.

Sai ga Bobo Shodmon, mai rabon ruwa tun ban zo duniya ba,
kunne ɗaya ya mutu, gwiwa na ƙara.
Bai ce sulhu ba, bai ce gaskiyar wa.
Ya shimfiɗa mayafi a inuwar inabi,
ya gutsura gurasa uku, ya zuba koren shayi,
ya tambayi Anarbek tarin mahaifiyarsa,
ya tambayi Mirzoali saniyar da ta kusa haihuwa.

Awa biyu ba a ambaci dutsen ba.
Ni ina ta duba agogo.
Ya matso ya raɗa mini, "Ɗana,
ruwa ba ya tsami banza.
Wanda ke ihu a kan magudana
wani abu yake ɓoyewa."

Can Anarbek ya ce da kofin shayinsa,
"Tuffa goma sha biyun nan, ɗana ya dasa
kafin ya tafi Rasha, aka dawo da shi a akwati."
Mirzoali ya daɗe yana murza gemu.
"Ni bashin iri ke wuyana," in ji shi,
"in shinkafa ta bushe, gonar ce mai tafiya ba dawowa."

Babu wanda ya ce yi haƙuri.
Tsoho ya kafa sanda a ƙasa:
in inuwarta ta taɓa wancan tsakuwa, ruwa ya gangara,
in tauraron asuba ya fito, ya koma sama.
Su biyun suka kama dutsen, kowa na nishi,
kowa na cewa ɗayan ba ya ɗagawa.

Ba zan yi ƙarya ba, bayan kwana tara
wani ya sake mirgina shi.
Bobo na kwance, gwiwa ta hana.
Na bar littafin a kan taga,
na ɗauki buta da gurasa, na hau tudu,
ina tuna sunan uwar kowa a hanya,
ina koya wa bakina jira
kafin ya furta kalmar ruwa.