Layi Uku

Takardun sun iso daga Kaduna ran Talata,
cikin kwali, suna ƙanshin sabuwar tawada.
Hedimasta ya ce, "Tanimu, hannunka ya fi kyau,
zauna gindin dalbejiya ka rubuta bakin mutane."

Na ɗauko benci daga aji huɗu,
mai gurguwar ƙafar nan da muka tokare da dutse.
Tambayar farko: me kuke so yaro ya sani
kafin ya fita aji shida?
A ƙasa an bar layi uku.
Layi uku kacal,
kamar a miƙa maka ludayi a ce ka kwashe Kubanni.

Barau mai ɗinkin hula a Kwarbai ya fara,
zare na maƙale a gemunsa bai sani ba:
"Lissafi. Kada dillali ya ce masa
dozin uku talatin ne, ya ce to."

Lantana mai awara ba ta ko zauna ba.
"Rubuta banɗaki."
Na ce ba ya cikin tambaya.
"Rubuta dai. 'Yata ba ta shan ruwa da safe
don kada fita ta kama ta a makaranta."
Na cusa shi a gefen takarda, a karkace.

Malama Saratu ta taho daga Wusasa,
shekara ashirin da shida alli na cin yatsunta.
"Manhaja ta huɗu ke nan a idona.
Kowace da sabon bango,
ni kuwa yara tamanin da bakwai, littafi sha ɗaya.
An ce in koyar da kwamfuta, na zana ta a allo,
wani ya ɗaga hannu: Malama, ina ake kunnawa?"
Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Sai gardama ta tashi.
Iro mai Keke Napep ya ce Turanci tun aji ɗaya,
shi ne ya hana shi aikin ofis.
Wani dattijo daga Gyallesu ya buga sanda:
"Wa ya taɓa hawa bishiya ta ganye?
A fara da harshen da yaro ke kuka da shi."
Na rubuta duka biyu, ɗaya bisa ɗaya,
su je can su ƙarasa faɗan.

Bayan la'asar, inuwa ta koma bayan aji,
Kande ta zo riƙe da hannun Mati.
"Ni ban yi boko ba,
ga wanda na ba ku shekara biyar,
shi zai karanta mini."

Mati ya karɓa da hannu biyu.
"Me…" ya ce. "Ku… ke…"
Leɓe na motsi, murya ta maƙale.
Akuya ta ratsa fili. Wani ya yi tari.
Ni na riƙe ajinsu a shekara ta uku,
ni na rubuta "ya yi ƙoƙari" a katinsa da jan biro.

Kande ba ta dubi yaron ba, ni ta duba.
"To, rubuta wannan."
Na ce, wanne?
"Abin da ka ji yanzu."

Layin farko na sa: ya tsaya a kalma ta uku.
Na biyu na sa sunana.
Na uku na bar shi fari.

Ran Alhamis kwalin ya hau mota a Ƙofar Doka.
Can za su ƙirga, kashi kaza sun ce kaza,
ban san gidan da za su jefa shirun Mati ba.

Yau na rigaye mai gadi zuwa.
Na gyara dutsen ƙarƙashin benci,
na rubuta "so" a allo, manya-manya,
ina jiran ƙarar silifas ɗinsa.