Ƙwallon Zaitun

Gidanmu a Valparaiso rataye yake a gefen tudu,
matakala ɗari da goma sha huɗu daga bakin teku.
Kowace Laraba kawu Eulogio yakan hau su,
bayan ya sauke kifinsa,
ya zauna mini a kujerar kusa da taga
in zana fuskarsa da gawayi.

Zama bakwai, fuskar ta ƙi zuwa.
Hancin nasa ne. Tabon ƙugiya a haɓa, nasa ne.
Amma mutumin da ke kan takardar
ko a jirgin ƙasa ban taɓa haɗuwa da shi ba.

A zama na bakwai ya ce, "Ximena, shekarar da kakarki ta..."
Na ce, "Ta sayar da kwalekwalen, ai na sani."
Ya dubi tafin hannunsa kamar an rubuta wani abu a ciki.
Ya ce, "Ba nan na nufa ba."
Inda ya nufa kuwa bai faɗa ba,
ya sa hularsa ya gangara.

Da dare na jera takardun nan bakwai a ƙasa,
na tsuguna a kansu da fitila.
Duk bakunan a ƙulle na zana su,
bakin mutumin da ke hawo tudu da magana a ransa.
Duk layin da ya ɗauki hanya na tare shi,
na lanƙwasa shi zuwa inda na riga na sani.
Ashe hannuna da harshena uwa ɗaya uba ɗaya suke,
babu mai iya jira a cikinsu.

Na tuna Baltasar, ranar da yake ɗaure littattafansa,
ya ce hira da ni kamar hawan matakala ne
wani yana tura ka ta baya.
Dariya na yi masa a lokacin.
Na tuna Maite da ta daina kira,
na yi ta gaya wa mutane girman kai ne ya kama ta.
Laifi tudu ne, aka ce.
Ni da aka haifa a kan tudu
shekara talatin da shida ina hangen na wasu.

Da Laraba ta zagayo na jefa ƙwallon zaitun a baki,
na danne shi da harshe.
Kawu ya zauna. Bai ce komai ba.
Wani jirgin dakon kaya ya yi kuka a tasha.
Maƙwabciya ta shanya zani, ta kwashe, ta sake shanyawa.
Maganganu uku suka taso mini, na haɗiye su da ɗaci.

Can ya ce, "Shekarar da ta sayar da shi,
ta roƙe ni in koya mata iyo.
Tana da shekara sittin. Da dare muke zuwa, kar a gani.
Ta ce ruwan da ya cinye mijinta
tana so ta ji yadda yake a jiki."
Leɓensa na ƙasa ya ɗan zame ta hagu,
ba murmushi ba, ba kuka ba.
Na bar gawayin ya bi shi a hankali,
ban san inda za su tsaya ba.

Hoton yana jingine da bango yanzu.
Kunnen dama bai yi daidai ba, na bar shi haka.
Bakin a buɗe yake kaɗan,
masu shigowa sukan yi shiru a gabansa, suna jira.

Jiya a wurin mai burodi
matar ta fara ba ni labarin ciwon ɗanta,
na ji bakina ya ƙarasa mata jimlar.
Na tsaya, burodin da zafinsa a hannuna,
na ce, "Yi haƙuri. Me za ki ce?"