Kamu da Taƙi

Injin ɓarzar masara na ƙera a Kumo,
wata uku ina zane, wata biyu ina walda.
A takarda ba shi da aibu ko ɗaya.
Na auna ƙarfe, na auna gudun bel,
na san nauyin da kowace ƙusa za ta ɗauka.
Abin da ban auna ba
shi ne Tabawa.

Ita ke tsayuwa gabansa tun hantsi,
gajeruwa ce, bahaguwa,
kafaɗarta ta dama ta yi yaji
tun shekarar da ta faɗo daga amalanke.
Bakin zuba hatsi na ɗora shi daidai ƙirjina,
ni da ake kira Dogo tun ina firamare.
Sai ta jawo turmi ta kifa, ta hau.
Kwano sittin a wuni, hawa sittin, sauka sittin,
ba ta taɓa ce mini uffan ba.
Ko kara ce, ko kuwa ta ɗauka
haka Allah ya yi inji, mutum ne ke lanƙwasa.

Maɓallin kashewa kuwa na kai shi dama,
can bayan bel, inda jona ta fi sauƙi,
don in tsimi waya kamu biyu.
Na rubuta masa suna da Turanci, da jan fenti,
na ja da baya ina sha'awar hannuna.

Wata Alhamis bayan la'asar,
sa'ar da ido ke ganin ɗaya kamar biyu,
bel ya cafki gefen mayafinta.
Hagu ta zabura neman ceto inda ta saba,
ta tarar da ƙarfe sumul.
Manu mai tallan rake
shi ya fizge wayar daga bango.
Mayafi ya tafi. Wuya ya tsira da tabo.

Aka ce sakaci ne, ai da ta kula.
Na yi shiru, har na so in yarda,
don maganar ta yi mini shimfiɗa mai laushi.
Dare ne ya ƙi.
Ƙarfe ba ya azumi,
ba ya kwana zaune da jika mai zazzaɓi,
ba ya tuna bashi yana tsakar aiki.
Na gina abu don wanda ba ya kuskure,
kuma ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Sai Baba Jatau maƙeri ya faɗo mini,
wanda ba ya sa wa fartanya ƙota
sai ya ga mai noman da idonsa.
"Tsaya nan. Sunkuya. Ina ke maka ciwo?"
Ya auna da taƙi, ya auna da kamu,
awon da ke yawo a jikin mai shi.
Ni na je makaranta na koyo milimita
na baro ƙugu a gida.

Da safe na koma da alli, ban ɗau takarda ba.
Na ce, Tabawa, rufe ido ki nuna mini
inda hannunki zai je in kin firgita.
Ta miƙa. Na shata wurin.
Nan maɓallin yake yanzu, faɗinsa tafin hannu,
ko da gwiwa aka doke shi zai ji.
Na datse ƙafafun injin taƙi biyu,
na yi wa bel keji da raga,
turmi ya koma ga taɓaryarsa.

Ba ta gode mini ba, kuma daidai ne.
Ta dai zuba kwanon farko ƙafarta a ƙasa,
ta kakkaɓe zani, ta ce saura ƙarar:
in ta koma gida da magariba
ba ta jin kiran jikarta sai an taɓa ta.

Ashe ban auna kunne ba.
Allin yana nan a aljihuna.