Ɗakin Masu Karaya

Salula ta ce: taku ashirin, ki yi hagu.
Na ƙirga, kwanon kunu yana ƙona mini tafi.
A na ashirin sai bango,
sabon siminti, ko fenti bai sha ba.

Ta ce: ana sake lissafi.
Ni da nake ratsa lungunan Birni da duhu
ban tambayi kowa ba,
yau asibitin Damagaram ya haɗiye ni.

Habsu mai shara ta jingine tsintsiya:
"Wa kike nema?"
"Lawali."
"Mai gardamar ƙwallon nan? Bi bayan famfo,
inda kika ji rediyo, nan ne."

Ina tura ƙofa
salula ta ce: kin iso.
Kunun ya huce.