Makankarin Mai Yatsu Uku

A Sanjo, garin maƙera, ƙanƙara ta danne rufin gidaje.
Kakana Kuniyasu na zaune a ƙasa, ƙafa a harɗe,
guntun ice tsakanin gwiwoyinsa.
Kanna muke kiran abin da yake sassaƙawa,
makankarin da ke aske katako har ya ɗau sheƙi.
Ba tura shi ake yi ba, jawo shi ake yi zuwa ƙirji,
kamar mai janye yaro daga bakin rijiya.

Can saman rumfa itatuwa na barci a jere,
kowanne da shekarar sararsa, an rubuta da tawada.
Akwai wanda aka saro shekarar da aka haife ni,
har yau, in ji kaka, bai gama shan iska ba.
"Ɗanyen ice alkawari gare shi da rani," ya ce,
"ruwa na sauka sai ya murɗe, ya ce bai san zancen ba."

Ran nan sai ga Genzo, kafintan kwale-kwale,
hannun dama cushe a aljihu.
Zarto ya cinye masa yatsu biyu tun kaka,
tsohon makankarinsa yanzu zille masa yake yi.
Kakana bai yi masa jaje ba.
Ya ce, "Miƙo."
Ya riƙe hannun nan tsawon shan shayi guda,
yana lalube kanta, yana bin tabon ɗinki,
ashe gaisuwar awo ce.

Ya aike ni sama da tsani.
"Ɗauko tsaranki, Hatsue."
Na ce ai bai gama shan iska ba.
Ya ce, "Ke kin gama?"

Ruwan askar kuwa ƙarfe biyu ne aka aura:
mai taushi, daga tsohuwar sarƙar jirgin ruwa,
da mai taurin kai, siriri, shi ke yin cizon.
Ɗaya na yanka, ɗaya na ba shi haƙuri.

Kwana huɗu kurfi na cin ice.
Idon kaka ya dushe, kunnensa ne bai tsufa ba.
Ya ƙwanƙwasa da 'yar guduma, ya karkata kai,
in amon ya yi kauri, aska ta zauna,
in ya yi fayau, da sauran magana.
Ya rage faɗin gefe, ya fafe gurbin babban yatsa
inda ba a taɓa fafe wa kowa ba.

Bakin da aska ke leƙowa ni ya bar wa.
Na yanka, hannuna na rawa,
na zarce da kaurin gashi biyu.
Bai yi faɗa ba. Ya feƙe ɗan tsinken ice,
ya cusa, ya manne, ya goge.
"Bar shi a gani," ya ce. "Sa hannunki ke nan."

Da Genzo ya dawo, ƙanƙara ta fara narkewa.
Ya ɗora yatsu uku, suka faɗa gurbinsu
kamar ƙafa cikin tsohon takalmi.
Ya ja.
Wani siririn shuuu ya ratsa ɗakin,
askin katako ya taso, dogo, bai tsinke ba,
ya fi bawon albasa rashin kauri,
ta cikinsa ina hango fitila
da bakin Genzo yana motsi babu magana.

Ya ja na biyu. Ya ja na uku.
Kaka ya ce, "Katakon nawa ne fa, kar ka ƙarar."

Yau shekara shida da rasuwar kaka.
Ni ke zaune a gurbinsa, ƙafata na sagewa.
Jiya na sari ice, na rubuta shekara,
na hau tsani na ajiye
wa hannun da ban sani ba tukuna.